Sunan da Ya Kaka Ta Baro a Bakin Kogi

Gwiwa, 9 ga Oktoba, 1982

Zuwa ga Kawu Bunu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, da karatu, da sanyin da aka ce ana yi a Amurka. Mu nan lafiya lau, an fara cire gyaɗa, ƙafar Baba Kura ma ta yi sauƙi.

Kawu, akwai abin da na yi wanda ban faɗa wa kowa ba. Na karanta takardar da ba a ba ni ba.

Wataƙila ba ka tuna ni. Ni ce Batulu, 'yar marigayiya Amarya, jikar yayar babanka. Baba Kura, wan babana, shi ke riƙona. Ranar da ka zo sallama ni ce na ɓuya a bayan rumbu. Bara na gama firamare, kuma ni ke karanta wa Baba wasiƙunsa, a nan na ga adireshinka. A wasiƙarka ta ƙarshe ka ce maƙwabtanka mutanen Kambodiya ne da yaƙi ya koro. Baba ya ce Allah ya kyauta, ya ci gaba da alwalarsa. Ni maganar ta ƙi barina.

Dalili shi ne Ya Kaka. Bayan tafiyarka ta zo gidanmu, yau shekara biyu. Baba ya faɗa wa kowa 'yar ƙanin babansa ce daga Monguno, sunanta Ya Kaka Dunoma. Turaren wuta take haɗawa, matan Gwiwa har na Roni suna aiko mata. Ranar Talata ta aike ni ɗakinta in ɗauko itacen turare a cikin kwalla. A ƙarƙashin tsumma sai na ga kati mai hotonta. Rubutun ba Ingilishi ba ne, amma na iya karanta sunaye: Kaltuma Mahamat, Injamena, Kusiri, 1980. A bayansa an rubuta da biro, Ashta, 11.

Na mayar da shi yadda na gan shi. Da na fito ta dube ni ta ce, "Ke Batulu, idonki ya fi bakinki aiki." Ban sani ba ko wasa take yi.

Don Allah ina da tambayoyi. Su mutanen Kambodiya da sunayensu suka shiga Amurka, ko an canja musu? Wa ya ce su shigo? Ana iya cewa su fita? Me suke ci? Kuma idan mutum ya bar sunansa a wata ƙasa, laifi ne?

In za ka ba ni amsa, ka sa ta a shafi na biyu. Shafin farko kaɗai zan karanta wa Baba.

'Yarka,
Batulu

Columbus, 14 ga Nuwamba, 1982

Malama Batulu mai bayan rumbu,

Wa alaikumus salam. Na tuna ki sarai, ƙafafunki na gani, ban ga fuskarki ba. Ina lafiya, sai mura da ta ƙi sakina. Ga shafinki na biyu, kamar yadda kika ba da oda.

Abin da na sani kaɗan ne. Lokacin da Baba Kura yake fataucin kanwa, mai masaukinsa a Injamena wani Mahamat ne, dillali. Shekara da shekaru a gidansa yake sauka, matarsa ke dafa masa abinci. Da faɗa ya ɓarke a garin, mutane suka tsallaka kogin Shari zuwa Kusiri, a ƙasar Kamaru. Na ji an ce Mahamat bai tsallaka ba. Ina jin Kaltumar katin nan matarsa ce. In haka ne, Baba Kura haƙƙin masauki ya sauke. Kada ki raina shi.

Maƙwabtan nawa su biyu ne, Inna Cantu da 'yarta Bofa. Ƙofarsu na kallon tawa. Ni ke karanta musu takardun hukuma, kin ga aikinmu ɗaya da ke. Shinkafa suke ci safe da yamma, da wani kifi da suke rufewa a tulu har ya yi wari. Ran da na soya daddawa Inna Cantu ta ƙwanƙwasa ƙofata, na zaci ƙorafi ta kawo, ashe kwano ta zo da shi.

Kafin a shigo da su sun shekara biyu a sansani a ƙasar Tailan. Ana kiran kowane gida a yi musu tambayoyi, a rubuta waye uba, waye ɗa. Yawancinsu ba su san ranar haihuwarsu ba, aka rubuta musu ɗaya ga Janairu. Layinmu kaf rana guda aka haife su. Idan sun cika shekara a nan sai a sake kiransu, a gwada abin da suka faɗa yau da abin da suka faɗa a sansani, sannan a ba su katin zama.

Ga abin da ke hana Inna Cantu sukuni. Bofa ba ita ta haife ta ba. A hanyar gudu ta tsince ta a gindin bishiya, ta goya ta. A wurinmu wannan riƙo ne, 'ya ta zama 'ya, an gama magana. Su ma haka al'adarsu take. Amma ta ji tsoron kada a ware yarinyar a sa ta cikin marayu, sai ta ce haihuwarta ce, ta kuma rage mata shekara huɗu don a ɗauke ta makaranta. Yanzu budurwa ce 'yar sha bakwai a aji ɗaya da 'yan sha uku, gwiwoyinta ba sa shiga ƙarƙashin tebur. Inna Cantu ta kan ce, mutum yana mantuwa, takarda ba ta mantuwa, kuma wanda ya rubuta ta shi ta fi riƙewa.

Ki gaishe da Ya Kaka. Kada ki nuna mata kin ga komai.

Kawunki,
Bunu

Gwiwa, 12 ga Disamba, 1982

Kawu,

Wasiƙarka ta iso, na gode ƙwarai. Allah ya raba ka da mura. An gama shigar da dawa, kowa lafiya. Baba ya ce wasiƙar ta yi nauyi a hannu amma ta yi gajarta a baki. Na ce takardar Turawa kauri gare ta.

Ban nuna mata komai ba, amma yanzu ina ganin abubuwan da da ba na gani. Duk yamma idan 'yan mata sun dawo daga rijiya, Ya Kaka ta kan tsaya a bakin ƙofa da muciya a hannu, leɓenta na motsi. Da na zaci tasbihi take yi. Ƙirga su take yi, Kawu. Ran da muka je suna a Kazaure, da mota ta zo kusa da dam ta rufe fuskarta da mayafi har muka wuce ruwan. Dela maƙwabciyarmu ta ce, "Ya Kaka, ke da kika fito ƙasar tafki kike tsoron wannan ɗan kududdufi?" Ta ce, "Ke Dela, wanda ya san ruwa shi ke tsoronsa, ke da kwatanniya kaɗai kika sani sai ki yi dariya." Duk motar aka kwashe da dariya, har ita.

Na lissafa, in Ashta tana raye yanzu shekarunta sha uku, na girme ta da biyu. Ina yawan tunanin ko doguwa ce, ko tana jin Hausa.

Bofa tana amsa sunan Inna Cantu a makaranta? Ba ta da kowa nata da ya rage? In akwai, ta yaya zai same ta alhali an rubuta ta 'yar wata? Wannan ita ce tambayata babba. Akwai wurin da ake kai sunan wanda ya ɓace, kamar yadda ake cigiyar akuya a kasuwa?

Batulu

Columbus, 8 ga Janairu, 1983

Batulu,

Barka da shan sanyi, nan ƙanƙara ta kai mini ƙwauri. Mura ta tafi.

Tambayarki ta zo a kan gaɓa. Akwai wurin cigiya, wata ƙungiyar agaji ce a ƙasar Suwizalan. Ana cika takarda da sunan mai nema da sunan wanda ake nema, su kuma su gwada da sunayen da ke sansanoni. Ta nan aka samo yayan Bofa a makon jiya, yana raye a Tailan. Shi ya yi cigiyarta, da sunan ubansu. Takardar ta yi wata tara tana yawo don babu mai wannan suna a Amurka, sai da wata mata da suka zauna sansani ɗaya ta gane hoton.

Sun yi kuka, sun dafa shinkafa sun raba wa bene duka. Washegari murna ta koma ciki. Doka ta yarda mutum ya nemi a kawo masa ɗan'uwansa, ko da za a daɗe. Amma a takarda Bofa ba ta da wa. In ta ce tana da shi, ta ƙaryata Inna Cantu, kuma ba mu san abin da za a yi wa katinsu ba.

Na karɓo miki takardar cigiya guda, ga ta a ciki. Na rubuta ma'anar kowane gurbi da fensir. Ki nemi lokacin da Baba Kura yake cikin nishaɗi ki nuna masa. Ban ga abin tsoro ba, ai ƙasarmu ba ta korar baƙo.

Bunu

Gwiwa, 27 ga Janairu, 1983

Kawu,

Ina gaisuwa. Jikinmu lafiya, hankalinmu ne ba lafiya ba. Yau kwana arba'in da shida da na rubuta maka, ban ga amsa ba.

Ko labari ya kai muku? An faɗa a rediyo cewa duk baƙon da ba shi da takardar zama ya bar ƙasar nan cikin mako biyu. Malamin da ya koya mana lissafi a firamare, mutumin Gana, ya tafi da akwatinsa a ka, ko sallama ba mu yi ba. Masu zuwa Babura sun ce hanya cike take da mutanen Nijar, da tabarmi da awaki. Ni abin da ban gane ba, wasunsu tun kafin a haife ni suke nan. Yaushe mutum yake daina zama baƙo?

Shekaranjiya da hantsi Mai unguwa Daudu ya zo rubuta mutanen kowane gida. Malamin da ke masa rubutu ba shi da lafiya, sai Baba ya ce a kira ni zaure. Na durƙusa na gaishe su, aka miƙo mini littafi. Baba yana faɗa ina rubutawa. Da aka zo kanta ya ce, "Ya Kaka Dunoma, 'yar ƙanin babana, Monguno."

Mai unguwa ya gyara zama ya ce, "Baba Kura, wannan ƙanin baban naku Allah ya yi masa albarkar 'ya'ya. Shekara talatin muna tare ban taɓa jin labarinsa ba."

Baba ya ce, "Kai ma ai ba duka danginka kake faɗa mini ba, Daudu. Ina wanda ya sayar maka da jaki makaho?"

Mai unguwa ya yi dariya har yana tari. Ya ce, "Rubuta, 'yan mata. Abin da maigida ya faɗa shi ne. Ni dai a ce wa Ya Kaka turaren uwargidana ya ƙare."

Na rubuta, Kawu. Da hannuna na rubuta Monguno.

Tun ranar nake ɗauko wasiƙarka ina duba layin nan, takarda ba ta mantuwa, wanda ya rubuta ta shi ta fi riƙewa. Da ni kake? Gargaɗi ka yi mini ban gane ba? Ko don ka ga gidanmu na ƙarya ne shi ya sa ka daina rubutu? In na yi laifi ka faɗa mini. Kuma in an gane, ita za a kora ko ni za a kama? Ina za ta je? Ba ta fita ko ƙofar gida yanzu, ta daina ƙirga 'yan mata.

Batulu

Columbus, 15 ga Fabrairu, 1983

Batulu 'yata,

Ina lafiya. Wasiƙarki ta 27 ga Janairu ta zo yau, ban ko cire takalmi ba na zauna rubutu.

Ba da ke nake ba. Maganar Inna Cantu ce a kan kanta, na kawo miki don kin ce kina son labari. Ban yi fushi ba, ban daina rubutu ba. Na aiko miki da wasiƙa tun takwas ga Janairu, sun yi saɓani da taki. Abin da kika rubuta a zaure, da ni ne shi zan rubuta.

Amma waccan wasiƙar ita ce damuwata. Na rubuta ta kafin sanarwar, har na yi bugun ƙirji da abin da ban sani ba. Akwai takardar cigiya a ciki. Idan ta iso, ki ƙone ta. In aka cika ta, amsa za ta zo Kazaure da tambarin ƙasar waje da sunan Kaltuma Mahamat ɓaro-ɓaro a bayan ambulan, ta bi hannu biyar kafin ta iso Gwiwa. Littafin Mai unguwa ya ce babu mai wannan suna a gidanku. Ki bari ƙura ta lafa, ko shekara biyu ne.

Don kada in ci amanarki, zan faɗa miki Inna Cantu ba ta yarda da ni ba. Na ba ta labarin ba tare da suna ba. Ta ajiye wuƙar da take yanka kabeji ta ce, "Kai da yarinyar da tsohon, duk kun yanke. Matar fa? Ni na ɓoye Bofa don ta rayu, kuma gobe ma zan sake. Amma ban tambaye ta ba, ko sau ɗaya." Jibi za su je wurin lauyan ƙungiyar da ta kawo su, su biyu, Bofa ce za ta yi magana. Ban san yadda za ta kaya ba.

Ni dai shawarata tana nan, ki ƙone. In Allah ya yarda a watan Agusta zan gama in dawo, sai mu zauna da Baba Kura.

Kawunki,
Bunu

Gwiwa, 13 ga Maris, 1983

Kawu,

Assalamu alaikum. Wasiƙunka biyu duk sun iso, ta farko da daɗewa, ta biyu ranar Litinin. Na ji daɗi da ba ka yi fushi ba. Mu lafiya, zafi ya fara. Ba wanda ya sake zuwa tambaya, Ya Kaka ta koma tsayuwarta a bakin ƙofa.

Na kai takardar har bakin murhu. Sai na tuna shekara biyu da ka ce. Ashta za ta zama 'yar sha biyar, wataƙila an aurar da ita wani gari, wataƙila ita ma wani ya rubuta ta 'yarsa. Na mayar da takardar cikin littafina.

Ranar Laraba da rana Baba ya tafi ta'aziyya Yankwashi. Ya Kaka tana soya itacen turare da sukari a tsakar gida, ni ina fifita mata wuta. Na daɗe ina haɗa magana a raina, duk ta watse. Abin da ya fito kawai shi ne, "Ya Kaltuma."

Ba ta juyo ba. Ta ci gaba da juyawa har sukari ya fara ƙauri, ita da ba ta taɓa ƙona turare ba. Sannan ta sauke kaskon ta ce, "Tun ranar kwalla nake jiran bakin nan ya buɗe. Wata biyar, Batulu. Ko kunkuru ya isa Kano."

Ta ba ni labari. Kwalekwale biyu ne a bakin kogi, aka tura ta cikin ɗaya, aka ɗaga 'yarta Ashta aka sa a ɗayan. Nata ya isa. Ɗayan ruwa ya tafi da shi, wasu suka ce ya kife, wasu suka ce ya fita a wani gari. Ta yi wata bakwai a Kusiri tana bin rumfa rumfa, har Baba ya zo ya same ta.

Na karanta mata takardar gurbi gurbi, na kuma faɗa mata abin da ka ce da abin da Inna Cantu ta ce, ban rage komai ba. Ta ce, "In na koma Kaltuma, a kore ni, in ja wa Baba Kura kunya. In na zauna Ya Kaka, Ashta wa za ta nema?" Ta tambaye ni ko matar Kambodiya tana da miji. Na ce ban sani ba. Ta ce, "Ba ta da shi. Mai miji ba ta wannan magana."

Sai na sake duba fensirinka. Gurbi na tara ka rubuta, inda za a aiko da amsa. Ba ka rubuta inda mai nema yake zaune ba. Na karanta mata sau biyu. Ta dube ni, ta goge hannunta a zane, ta ce, "Ashta tana da tabon ƙuna a hannun hagu. Rubuta." Na rubuta duka, ta dangwala yatsa da tawadar birona.

Jiya na raka Dela Kazaure kai turare. Na ce mata zan aika maka da wasiƙa, na shiga gidan waya ni kaɗai. Mai sayar da kan sarki ya juya ambulan ɗin ya ce, "Suwizalan? Wa kika sani a can?" Na ce ba kowa. Na jefa ta a akwati da hannuna, na ji faɗuwarta.

Baba bai sani ba. Kai ma ban tambaye ka ba, don na san abin da za ka ce, ga shi kuma amsarka sai ta yi wata guda a hanya. A gurbi na tara adireshinka na rubuta, Kawu, har da lambar ɗaki. In za ka yi mini faɗa, ka sa a shafi na biyu.

Ka faɗa mini yadda su Bofa suka yi da lauya. Ya Kaka ta ƙulla turare kaɗan ta ce a ba Inna Cantu, ban san yadda ake aika shi ba, na ajiye sai ka zo ka koya mini. In lokacin tahowarka ya yi amsa ba ta zo ba, don Allah ka bar wa Inna Cantu makullin akwatin wasiƙunka, ita ta san yadda ake jira.

Kuma duk ranar da takarda ta zo da sunan Kaltuma Mahamat, kada ka ce ba ka san ta ba. Ta gidanmu ce.

'Yarka,
Batulu